Wuri na gugar wuri: daga ina wurin ya fito, wa kuma ya ci ribarsa?

Tambaya: Malam, a ɗakin kakata akwai wata tsohuwar ƙwarya da 'yan wuri a ciki, ta ce da irinsu aka biya sadakin tata kakar. Mu da ba mu da teku, a ina kakanninmu suka samo shi? Kuma gaskiya ne abin da na ji wani yana faɗa, wai wayo Turawa suka yi mana, suka tsinto ɓawon katantanwa a bakin ruwa suka riƙa karɓar mutane da shi?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ƙara wa Kaka lafiya, kuma ka roƙe ta kada ta bari yara su watsar da abin da ke cikin ƙwaryar nan. Maganar da ka ji rabinta gaskiya ce. Turawa sun yi jigilar wuri, kuma sun sayi mutane da shi, wannan babu ja. Amma ba su suka koya mana cewa wuri kuɗi ne ba, sun tarar da shi yana ci a kasuwa ne suka shiga. Kuma mai cewa kakanninmu wauta suka yi da suka karɓe shi bai lura da takardar da ke aljihunsa ba.

Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce. Ɗaya wuri, da yawa kuɗi. Shi ya sa har gobe ɗan jarida zai ce an sace miliyan kaza wuri na gugar wuri, alhali shi da mai sauraronsa ba wanda ya taɓa sayen ko ƙuli-ƙuli da wuri.

Asalin wanda ya fara cika kasuwanninmu daga tsibiran Maldif yake, wasu 'yan ƙananan tsibirai sama da dubu da ke cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya. Mutanen can Musulmi ne tun shekarar 1153. Ibn Baɗuɗa, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko, ya sauka a can a 1343, har aka naɗa shi alƙali, lokacin mace ce ke kan gadon sarauta, Sarauniya Khadija. Shi da bakinsa ya ce ya yi iya yinsa matan tsibirin su riƙa rufe jikinsu daga cibiya zuwa sama, suka ƙi, sai dai ya hana su shiga zauren shari'arsa a haka. Abin da ya shafe mu a labarinsa shi ne lissafin da ya bari. Ya ce a can ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya, wani lokacin ma ya fi haka araha. Bayan shekaru kusan goma ya ƙetara Sahara, ya ga wannan wurin dai a Mali da Gao ana canjinsa 1,150 a dinari. Ka yi lissafi da kanka, ninki ya haura 300. Wannan shekara ɗari da hamsin ke nan kafin jirgin Bature ya san hanyar Indiya. Ta Yaman da Masar da Maroko yake biyowa, raƙuma su ƙarasa da shi.

Yadda ake samunsa, wani Bafaranshe mai suna Pyrard ya gani da idonsa, don jirginsu ya fashe a tsibiran a 1602, ya zauna bisa tilas har 1607. Ya ce sau biyu a wata ake fita, kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika. Mata ne akasari, su shiga ruwa har iya ƙugu suna tsinta. Akwai kuma dabarar jefa reshen kwakwa cikin ruwa, halittar ta hau ta manne, a jawo. Daga nan a binne cikin rairayi, naman ya ruɓe, a tono, a wanke, a ƙirga dubu goma sha biyu-biyu a zuba cikin kwandon ganyen kwakwa. Ka ƙaddara warin wajen. Macen da ta yi wannan aiki ba ita ke sayar wa baƙo ba. Da wurin ake biyan haraji, a tara shi a Male, babban birnin, kuma cinikinsa da jiragen waje na Sarki ne. Shinkafa ba ta yi a tsibiran, don haka jirage talatin zuwa arba'in, in ji Pyrard, kan ɗauki wuri a shekara su kai Bengal, a gabashin Indiya, su dawo da shinkafa da tufafi. Can Bengal ma kuɗin kashewa ne na talaka, Hindu da Musulmi. Har cikin shekarun 1770 harajin lardin Silhet da wuri ake karɓarsa, a loda a kwale-kwale a kai Dhaka. Ka ga ba mu kaɗai aka "yi wa wayo" ba ke nan.

Dalilin da ya sa ya karɓu a ko'ina a fili yake. Ba a iya ƙera na jabu. Ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa, ba ya saurin fashewa. Girmansa kusan ɗaya, ana iya ƙirga shi, ana iya auna shi da mudu ko sikeli. Uwa-uba yana sayen ƙaramin abu. Da zinariya ba ka sayen daddawar miya ɗaya, amma da wuri biyar tsohuwa za ta yi cefane. A wancan zamanin ko a Ingila talaka na fama da ƙarancin canji, mu kuwa kasuwar ƙauye tana da nata.

Abin da Turawa suka canza shi ne yawa da hanya. Mutanen Fotugal sun isa Indiya ta teku a 1498, wajen 1515 kuma suka fara kai wurin Maldif gaɓar Afirka ta Yamma. Sun ma mamaye Male ɗin kanta daga 1558, har Muhammad Thakurufaanu ya fatattake su a 1573. Daga baya kamfanoni biyu suka ƙwace harkar, na Ingila da aka kafa a 1600 da na Holan da aka kafa a 1602. 'Yan Holan na saye ta Sri Lanka, Ingilishi ta Bengal. Wani abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne wuri bai ci musu ko sisi na kuɗin dako ba. Jirgin ruwa mai filafilai dole a zuba masa nauyi a gindi, duwatsu ko yashi, don kada iska ta kifar da shi. Maimakon yashi sai suka riƙa zuba wuri, barkono da shayi da alharini a sama. ('Yan kasuwar Yaman sun riga su wannan dabara, Ibn Baɗuɗa ya faɗa.) Jirgin zai zagaya ƙasan Afirka, ya wuce gaɓarmu daga nesa bai tsaya ba, saboda iska ba ta nan take bi da shi ba, kayan kuma suna can ƙarƙashin komai. Sai an kai Amsterdam ko Landan a sauke, a yi gwanjo, masu fataucin bayi su saya, a zuba a ganguna, a sake sauko da shi kudu.

Masana biyu da suka bi takardun kamfanonin nan dalla-dalla, Jan Hogendorn da Marion Johnson, sun ƙiyasta cewa tsakanin 1700 da 1790 'yan Holan da Ingilishi sun yi jigilar sama da tan 11,000, wato wuri fiye da biliyan 10. Mafi yawansa a gaɓar da ke tsakanin Ghana ta yau da Legas aka sauke shi, musamman tashar Wida da ke Jamhuriyar Benin yanzu. A can ba a sayar wa Bature bawa sai ya haɗa da wuri a cikin kayan biya. Kyaftin ɗin da ya zo babu shi sai ya yi ta zaman jira, abokan hamayyarsa na lodi. Wato mai sayarwa ne ke faɗin abin da yake so, kuma farashin bai tsaya wuri ɗaya ba. A shekarun 1680 ana sayen mutum a kan wuri dubu 10 zuwa dubu 30 da 'yan kai, zuwa shekarun 1770 ya kai dubu 160. Bari in mayar maka da shi ma'aunin Bahaushe. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya, nauyinsa ya haura kilo 20, kayan ɗan dako guda ke nan in tafiyar mai nisa ce. Dubu 160 keso takwas ne. Sai an sami mutum takwas kafin a ɗauki kuɗin mutum ɗaya.

Wanda ya karɓi kuɗin kuwa ba talakan gaɓa ba ne. Sarki Agaja na Dahome, masarauta a kudancin Benin ta yau, ya ci Allada a 1724, ya ci Wida a 1727, tashar ta koma hannunsa. A gaɓa ana huda wuri a shirya shi a zare, arba'in-arba'in, kuma a fadar Dahome matan Sarki ke wannan aiki. Wani Bature da ya zauna a ƙasar, Archibald Dalzel, ya rubuta cewa duk kuɗin da ya fito daga fada ana cire ɗaya cikin arba'in ladan shiryawa, amma a kasuwa haka za ka karɓe shi a matsayin cikakke. Wa ya isa ya tsaya ƙirga zaren Sarki? A bikin shekara kuma Sarki kan hau dandamali ya riƙa watsa wa jama'a wuri da tufafi ana kokawa, a ce Sarki ya yi kyauta. Talakawan yankin ba su ruɗu ba. Har yau a kudancin Benin da Togo akwai labarin da tsofaffi ke bayarwa cewa da gawar bayi ake kamun wuri, a jefa mutum cikin teku, wuri ya hau jikinsa, a jawo a kakkaɓe. A zahiri ba haka ake yi ba, na gaya maka matan Maldif ke tsinto shi. Amma ni dai ban taɓa karanta bayanin wani masani da ya kai wannan tatsuniya faɗin gaskiyar cinikin ba.

Mu kuma ta kudu ya fi shigo mana, ta ƙasar Oyo da Nupe. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara zuwa ƙasar Hausa. Ka dubi shekarun, daidai lokacin da Wida ke kan ganiyarta. A nan nake so ka tsaya ka lura, don ɗalibaina da yawa kan karanta layin su wuce. Wannan Sharefa ɗin dai shi littafin ya ce ya ƙirƙiro haraji iri-iri, har da na 'yan mata in za su yi aure. Ɗansa Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓe-karɓe har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa suka gudu ƙauye, kuma ya sa wa malamai jiziya. A zamaninsa ne kuma aka ce bindigogi sun fara zuwa daga Nupe. A fahimtata waɗannan abubuwa ba haɗuwar katari ba ce. Harajin dawa da gero sai an jira kaka, sai an nemi rumbu, kuma ƙwari na ci. Harajin wuri kuwa kullum ana iya karɓa, a bakin ƙofa, a rumfar mahauta, a marina, a ajiye shekara goma bai lalace ba, a sayi doki da sulke da shi. Kuɗin da ya sauƙaƙa wa mai koko ciniki shi ya sauƙaƙa wa fada miƙa hannu cikin ƙwaryarta.

Bayan shekaru sittin da wani abu, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, sai ga su da sunansu na Hausa a cikin rubutun Larabci: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa. Ba na cewa wuri ne ya kawo jihadin 1804, wannan zai zama wuce gona da iri. Amma ƙorafin da ya tara wa Shehu jama'a, wani ɓangarensa da wuri ake ƙirga shi.

Batun addini a wannan ciniki yana da ɗaure kai, kuma ba wanda zai fita da farar riga. Sarki Musulmi ne a Male ke sayarwa. Kiristoci ke dako, kuma su ma ba jituwa suke yi ba. Mutanen Fotugal Katolika ne, suna riƙe da takardar Paparoma Nicholas na Biyar ta 1452 da ta halatta wa Sarkinsu bautar da Musulmi da waɗanda ba su da littafi. 'Yan Holan Furotesta ne, ba su yarda da Paparoma ba, sun yaƙi Fotugal sun ƙwace Elmina da ke gaɓar Ghana ta yau a 1637, amma sana'ar ba su canza ta ba. Sarakunan Dahome da Oyo na bin addinin gargajiya. A namu ɓangaren malamai ba su yi shiru ba, sai dai tambayar da suka fi amsawa ita ce wa ya halatta a bautar, ba ko bautar kanta ta halatta ba. A 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya amsa wa mutanen Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, tambaya a kan haka. Ya ce baƙar fata ba hujjar bauta ba ce, ya ƙaryata masu jingina ta ga la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Fatawa ce mai ƙarfi a zamaninta. Amma Kano da Katsina sun ci gaba da yaƙar juna, kuma wanda aka kama a fagen fama ba a tsayawa tambayarsa kalmar shahada.

Ta hanyar da wuri ya hauro, ta nan mutane suka gangara. Daga ƙarshen ƙarni na 18 Hausawa sun fara yawa cikin waɗanda ake lodawa a Porto-Novo da Badagiri da Legas, yaƙe-yaƙen jihadi kuma suka ƙara yawansu. Da yawa a Bahia ta ƙasar Brazil aka sauke su, gonakin rake da dako a birnin Salvador. Takardun hukumar can sun ambaci Hausawa a yunƙurin tawaye na 1807 da na 1814. A babban tawayen Janairun 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa, da Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci.

Akwai wata illa ta wuri da ta ƙara ɗaure bawa, ita ce nauyi. A ƙasar Hausa ba a shirya shi a zare, a warwatse yake, sai an zauna an ƙirga. Heinrich Barth, Baturen Jamus wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga ana ƙirga 500,000 a Tasawa a 1851, mutum biyar ko shida a kan aikin, ana ja biyar-biyar da yatsu ana tara tsibi-tsibi, ya ce wannan aikin jarumai ne. A Kano ya tarar dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 ce, kuma ya ƙiyasta iyali guda za su ci su sha su yi sutura a shekara da dubu 50 zuwa 60. To attajirin da zai biya miliyan fa? Keso hamsin, 'yan dako hamsin, kowa da cikinsa. Wani Bature da ya zo Kano a shekarun 1890, Charles Robinson, ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya, suka rasa yadda za su yi, don in sun sayar sai sun ɗauki mutum goma sha biyar su ɗauki kuɗin, ladan dakon kuma ya cinye kuɗin dokin har da ciko. Saboda haka manyan biya, gaisuwar sarakuna da bashin fatake, sau da yawa da riguna da dawaki da bayi ake yin su. Bawa kuɗi ne mai tafiya da ƙafarsa, ya kuma ɗauki kaya a kai. Wuri na talaka da kasuwa, mutum na manya.

Ƙarshen wuri ma daga teku ya zo. Bayan Ingila ta hana jiragenta cinikin bayi a 1807, manja ya maye gurbi, shi ma da wuri ake saye. Wajen 1845 'yan kasuwar Hamburg ta Jamus suka gano wani ɗan'uwansa a gaɓar Zanzibar, mai arahar gaske, kuma jirgi na iya kawo shi kai tsaye ba sai an bi ta Turai ba. Cikin shekara ashirin aka antayo abin da ya fi na ƙarni na 18 gaba ɗaya yawa. Barno ma, da ta daɗe tana ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙi, a shekarun 1840 ta karɓi wuri zamanin Shehu Umar. Kuɗi ya yi yawa, daraja ta zube. A Legas wuri 2,000 da ke kusan sule huɗu a tsakiyar ƙarni na 19 ya dawo sisi kafin ƙarnin ya ƙare. In kana neman inda aka cuci mai ajiya, nan ne, don duk wanda ya binne tukunyar wuri yana saurayi ya tono ta da furfura ya tarar ba ta sayen rabin abin da ya yi tsammani. A 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi, suka matsa a biya haraji da kuɗinsu, sannan suka buga anini, ɗaya bisa goma na kobo, mai huda a tsakiya, don ya yi aikin da wuri ke yi a kasuwar ƙauye. Duk da haka tsofaffi sun daɗe suna cefane da shi, daga baya ya koma hannun 'yan bori da masu duba da 'yan caca da masu adon kalangu.

In ka je gaida Kaka, ka zuba 'yan ƙwaryar a tafin hannunka ka duba gadon bayansu a cikin haske. Wanda ka ga yana da ɗan zobe ruwan ɗorawa kewaye da bayansa, jikinsa na ɗaukar toka-toka, na Zanzibar ne, akasarinsa bai riga 1845 shigowa ba. Wanda kuwa ya fi ƙanƙanta, fari mai ɗan rawaya, da 'yan ƙululai a kafaɗunsa, wannan ɗan Maldif ne, kuma mai yiwuwa ya kwana a Amsterdam ko Landan kafin ya ga Kurmi. Ka tambaye ta kuma keso nawa aka ce an kai gidan su kakar tata.